Gasar Poka Ta Duniya: Daga Tebur Guda A Las Vegas Zuwa Ƴan Wasa Dubu Goma

Ranar 22 ga watan Nuwamba na shekarar 1998, ma'aikatan wani ƙaramin masauki mai araha da ake kira Oasis, a birnin Las Vegas na ƙasar Amurka, suka buɗe wani ɗaki suka tarar da gawar wani mutum ɗan shekara 45 kwance bisa gado. Da aka laluba aljihunsa, abin da aka samu bai wuce dala 800 ba. Mutumin nan kuwa shi ne Stu Ungar, wanda wata goma sha takwas kafin wannan rana aka tula wa dala miliyan ɗaya bisa tebur, gaban kyamarorin talabijin, bayan ya zama zakaran duniya na wasan poka karo na uku. Mai karatu ya lura, duk inda na ce dala cikin wannan rubutu ta Amurka nake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba.

Poka wasan karta ne na caca, kuma hukuncin caca a addini ba ɓoyayye ba ne, malamai sun daɗe da yin bayaninsa. Abin da ya sa na ga ya dace mu leƙa tarihin babbar gasarsa shi ne, yau samarinmu a fada suna ganin hotunanta cikin wayoyinsu: mutum sanye da baƙin tabarau, ya rungume tsibin kuɗi yana murmushi. Hoton ke nan da ake nunawa. Sauran labarin ba a cika faɗinsa ba.

Yadda ake wasan

Nau'in poka da ake kambun duniya da shi ana ce masa Texas Hold'em, don a jihar Teksas ya yi ƙarfi. Mai rabo zai ba kowane ɗan wasa karta biyu a kife, shi kaɗai ke ganinsu. Daga nan sai a buɗe karta biyar tsakiyar tebur waɗanda na kowa da kowa ne: uku a tashi ɗaya, sannan ɗaya, sannan ta ƙarshe. Kafin a buɗe da kuma bayan kowane buɗi, ana zuba kuɗi. Wanda aka zo kansa yana iya biyan abin da na gabansa ya zuba, ko ya ƙara a kai, ko kuma ya ajiye kartarsa ya haƙura da abin da ya riga ya sa. In an kai ƙarshe, wanda ya haɗa karta biyar mafi ƙarfi daga cikin bakwai ɗin shi ke kwashewa.

To amma ba kullum ake kai wa ƙarshen ba, kuma a nan wasan ya bambanta da belot ɗin da muka saba gani. Mutum yana iya riƙe da kartar banza, ya tura duk abin da ke gabansa, abokin karawarsa ya tsorata ya ajiye karta mai kyau. Burga ke nan, kuma ita ce rabin sana'ar. A gasa ba tsabar kuɗi ake zubawa ba. Kowa zai biya kuɗin shiga, a ba shi ƙwandalolin wasa daidai da na kowa, wanda nasa suka ƙare ya tashi ke nan, har a kai ga mutum guda ya tattara su duka.

Ƴan Teksas da mai gidan Horseshoe

Cikin shekarun 1950 da 1960 caca haramun ce a dokar Teksas, saboda haka ƙwararrun poka na wancan zamani yawo suke cikin mota daga gari zuwa gari, suna wasa a bayan shaguna da ɗakunan da aka toshe tagoginsu. Tsoronsu uku ne: ƴan sanda, da masu maguɗin karta, da ƴan fashi masu jiran a gama su shigo da bindiga. Uku daga cikinsu, Doyle Brunson da Amarillo Slim da Sailor Roberts, har asusu guda suka haɗa suna yawo tare, kafin su je Las Vegas su kashe shi duka a tafiya ɗaya.

Wanda ya tara su wuri guda shi ne Benny Binion, shi ma mutumin Teksas, kuma ba mutumin da za a kira salihi ba. A birnin Dallas ya yi shekaru yana tafiyar da caca ta ɓoye, a 1931 kotu ta same shi da laifin kisan kai amma aka yi masa ɗaurin talala. Da ƙasa ta yi masa zafi sai ya koma jihar Nevada inda doka ta halatta caca, ya buɗe gidan caca mai suna Horseshoe a 1951, bayan haka kuma ya yi ƴan shekaru a kurkuku kan ƙin biyan haraji. Abin da ba a iya ƙwace masa shi ne sanin hanyar jawo mutane. A 1969 an yi wani taron ƴan cacar Teksas a garin Reno, Binion ya halarta, ya ga abin zai yi kasuwa. A 1970 ya kira nasa taron a Horseshoe, ya raɗa masa suna World Series of Poker, wato gasar poka ta duniya, alhali mutanen da suka zauna ba su cika tebur biyu ba.

A wannan shekara ta farko ba a ma yi gasar fitar da gwani ba. An yi kwanaki ana wasa, sannan aka ce ƴan wasan su jefa ƙuri'a su zaɓi wanda ya fi. Ana ba da labari cewa da aka buɗe ƙuri'un sai aka tarar kowa kansa ya zaɓa, sai da aka sake cewa to kowa ya rubuta wanda ke bi masa, a nan ne sunan Johnny Moss ya fito. Kofin azurfa aka ba shi. Shekarar da ta biyo aka koma tsarin wanda ya ƙare ya tashi: mutum shida, kowa ya sa dala 5,000, Moss ya kwashe 30,000. Ya sake ci a 1974.

A 1972 aka mai da kuɗin shiga dala 10,000, kuma abin mamaki, fiye da shekara hamsin ba a ƙara ko sisi a kai ba. A kuɗinmu ya kama sefa miliyan biyar da rabi zuwa shida, gwargwadon canji. Mutum takwas suka shiga a wannan shekara, Amarillo Slim ya ci. Masu tarihin wasan sun ce akwai fahimtar juna tsakanin ukun ƙarshe, domin Brunson ba ya son sunansa ya fita a jarida a matsayin ɗan caca, saboda iyalinsa masu riƙo da addini ne. Shi kuwa Slim, dogo mai malafar makiyayan Teksas da zaƙin baki, abin da yake nema ke nan. Ya yi ta zagaya gidajen talabijin, har da shirin dare na Johnny Carson da dukan Amurka ke kallo, yana ba da labaran caca ana dariya. Shi ne ya fara wanke wa wasan fuska a idon jama'a, Binion kuma ya samu tallan da bai biya ba.

Daga baya Brunson ya daina ɓuya. Shi asalinsa ɗan ƙwallon kwando ne a jami'a, har wata babbar ƙungiya ta sa masa ido, sai kaya suka faɗo masa a ƙafa a wata masana'anta da yake aikin hutu, ƙafar ta karye gida biyu, zancen ƙwallo ya mutu. Ya ci gasar a 1976 da 1977, kuma duka sau biyun da karta iri guda ya rufe wasan, goma da biyu, wadda kowane ɗan koyo ya san ta jefarwa ce. Har yau in mutum ya samu goma da biyu sai a ce ya riƙe Doyle Brunson. A 1976 ɗin ne kuma aka fara ba zakara munduwar zinariya, wadda ta zama alamar gasar. Brunson ya tara goma a rayuwarsa, ya rubuta littafin Super/System da ya tona asirin sana'ar har shi da kansa ya riƙa cewa ya koya wa abokan hamayyarsa yadda za su ci shi. Ya rasu a watan Mayu na 2023 yana da shekara 89, yana cikin ƴan ƙalilan na zamaninsa da suka tsufa da rufin asiri.

Abubuwa uku suka buɗe ƙofa ga bare. A 1978 aka daina ba mutum guda kuɗin duka, aka fara raba wa na gaba-gaba. A 1979 Hal Fowler, wanda ba sana'arsa ba ce, ya doke ƙwararru ya ci dala 270,000. Sannan aka ƙirƙiro ƙananan gasannin share fage, inda mutum goma za su sa dala dubu-dubu, wanda ya ci ya samu kujera a babbar gasa. Tom McEvoy ta wannan hanya ya shigo ya zama zakara a 1983. Tsakaninsu akwai Jack Straus na 1982, wanda ya tura ƙwandalolinsa aka cinye, ya miƙe zai tafi sai ya ga guda ɗaya ta dala 500 ta ɓuya a gefen tebur. Da yake bai furta cewa ya tura duka ba, aka bar shi ya zauna. Da wannan ƙwandala ɗaya ya farfaɗo har ya ci gasar.

Yaron da ba a taɓa ganin irinsa ba

Mu dawo kan Stu Ungar. An haife shi a birnin New York a 1953, ubansa yana da mashaya inda ake karɓar cacar wasanni, don haka tun yana ƙarami lissafin caca ne karatunsa. Uban ya mutu yana ɗan shekara goma sha uku zuwa sha huɗu, ya bar makaranta ya shiga wasan karta gadan-gadan. Ba ma da poka ya fara ba, da wani wasa ne da ake kira jin rami, wanda ya ƙware a kai har ya kashe wa kansa kasuwa: duk wanda ya zauna da shi sau ɗaya ba ya komawa. Allah ya ba shi ƙwaƙwalwar da in ya ga karta ta wuce ba ya mantawa, har gidajen caca na Las Vegas suka hana shi zama a wasu teburansu.

Da ya rasa abokin wasa sai ya juya ga poka. A 1980, yana ɗan shekara 26, siriri kamar ɗan makarantar sakandare, ya zauna gaba da gaba da Doyle Brunson a ƙarshen gasa ya doke shi. A 1981 ya maimaita. Waɗanda suka yi wasa da shi suna cewa kamar yana ganin bayan karta ne, ga shi ba ya jin tsoron kuɗi ko kaɗan. To wannan rashin tsoron kuɗin shi ne kuma ya kashe shi. Abin da ya ci a teburin poka da dare, kafin la'asar ya zubar da shi a cacar tseren dawaki da ta ƙwallo, inda ƙwaƙwalwarsa ba ta da wani amfani. Sannan ga hodar iblis, wadda ya fara sha don ya iya kwana biyu yana wasa ba barci, ta zame masa ƙarfen ƙafa. Aurensa ya mutu. A gasar 1990 yana kan gaba da ƙwandaloli masu yawa aka tarar da shi a sume cikin ɗakinsa, bai koma tebur ba, amma saboda yawan abin da ya tara, kafin a gama zaftare su sai da ya zo na tara.

A 1997 kowa ya riga ya cire shi daga lissafi. Ba shi da kuɗin shiga, sai a daƙiƙar ƙarshe wani tsohon abokinsa, Billy Baxter, ya biya masa dala 10,000 bisa sharaɗin a raba riba biyu. Ya zo sanye da wani tabarau mai shuɗin gilashi da ya sauko bisa hancinsa, don ya ɓoye yadda hodar ta cinye masa hanci, da hoton ɗiyarsa cikin aljihu. Mutum 312 suka shiga. A wannan shekara a waje aka kafa teburin ƙarshe, bakin titin Fremont, cikin zafin hamada, kuma Ungar ya bi ta kansu ɗaya bayan ɗaya. Ya nuna wa kyamara hoton ɗiyar tasa. Shi da Moss ne kaɗai suka taɓa riƙe kambun sau uku, kuma na Moss ɗaya ƙuri'a ce ta ba shi.

Rabonsa na dala 500,000 bai yi wata nawa ba ya ƙare. A 1998 Baxter ya sake cewa zai biya masa, Ungar ya ƙi saukowa daga ɗakinsa, ya ce jikinsa ba zai iya ba. Likitocin da suka binciki gawarsa sun ce zuciyarsa ce ta gaza saboda shekarun da ya yi yana shaye-shaye. Ana ƙiyasta cewa dala wajen miliyan 30 sun ratsa ta hannunsa a rayuwa, amma karo-karo abokansa suka yi wajen jana'izarsa.

A tsakanin waɗannan shekaru gasar ta ci gaba da girma sannu a hankali. Johnny Chan, haifaffen ƙasar Sin, mai ajiye lemo a gabansa yana shinshina saboda hayaƙin taba, ya ci a 1987 da 1988, ya kuma kai wasan ƙarshe a 1989 sai wani yaro ɗan shekara 24 mai suna Phil Hellmuth ya tare shi. Hellmuth ɗin nan, mai yawan mita da faɗa in an ci shi, ya kai munduwa 17 a 2023, ba wanda ya kama ƙafarsa. Mansour Matloubi, ɗan asalin Iran mazaunin Birtaniya, shi ne na farko da ya fitar da kambun daga Amurka a 1990, kuma a 1991 kyautar zakara ta kai dala miliyan ɗaya.

Kyamara ta leƙa ƙarƙashin karta

Duk da haka, kallon poka a talabijin abu ne mai gundura, tun da mai kallo bai san abin da kowa ke riƙe da shi ba. Wanda ya warware wannan matsala wani dattijo ne mai ƙera kayan wasan yara, Henry Orenstein, Bayahude ɗan Poland da ya tsira daga sansanonin ƴan Nazi. Shi ya yi rajistar dabarar tebur mai kyamara da ke ganin kartar da aka kife. Gidan talabijin na Channel 4 a Ingila ya fara nuna wasa ta ƙarƙashin gilashi a 1999, sannan a 2002 aka kafa wata sabuwar gasa mai zagaya birane, World Poker Tour, wadda aka gina kacokan don talabijin. Yanzu mai kallo a gida ya fi waɗanda ke tebur sanin abin da ke gudana: yana ganin mai burga yana burga, yana ganin wanda ake yi wa yana zufa. Kuma duk wanda ya kalla sai ya ce a ransa, ai ni ma da na gane.

Ana cikin haka sai ga shekarar 2003. Wani akawu ɗan shekara 27 daga jihar Tennessee ya shiga gasar share fage ta dala 86 a shafin intanet na PokerStars, ya bi mataki-mataki har ya samu kujera a Las Vegas. Sunansa na yanka Chris Moneymaker, kuma ma'anar sunan a Turanci ita ce mai yin kuɗi. Da farko ƴan jarida sun ɗauka laƙabi ne. Bai taɓa zama a babbar gasa ido da ido ba, kuɗin tafiya ma sai da ya sayar wa ubansa da wani abokinsa wani kaso na abin da zai ci. Cikin mutum 839 ya fitar da Johnny Chan, ya fitar da Phil Ivey, baƙar fatar da mutane da yawa ke ɗauka shi ne gwanin gwanaye na zamaninsa, har ya rage daga shi sai Sam Farha, ɗan asalin Labanan, tsohon hannu mai taba a baki wadda ba ya kunnawa.

Moneymaker ya nemi su raba kuɗin, Farha bai yarda ba, yana ganin yaron ba sa'ansa ba ne. Can sai aka zo wani hannu inda Moneymaker ba shi da komai, kartar da yake jira ba ta fito ba, amma ya tura duk abin da ke gabansa. Farha, wanda ke riƙe da abin da zai ci, ya daɗe yana kallonsa yana magana, daga ƙarshe ya ajiye. Miliyoyin mutane sun ga wannan a tashar ESPN, suna ganin kartar kowa. Jim kaɗan akawu ya kwashe dala miliyan biyu da rabi.

Abin da ya biyo baya ambaliya ce. Daga mutum 839, sai 2,576 a 2004, sai 5,619 a 2005 lokacin da Joe Hachem, haifaffen Labanan da ya girma a Ostireliya, ya ci miliyan bakwai da rabi, sai 8,773 a 2006. Gidan Horseshoe ya yi kaɗan. Dama iyalin Binion sun shiga rikicin kuɗi, kamfanin Harrah's ya saye gasar a 2004 ya mai da ita babban otal ɗin Rio. Turai ma ta kafa tata, European Poker Tour, wadda ta fara a Barcelona a 2004. A nahiyarmu an riƙa yin manyan wasanni a Marrakesh ta Maroko da kuma Afirka ta Kudu, kuma wani ɗan Afirka ta Kudu, Raymond Rahme, ya zo na uku a Las Vegas a 2007.

Su kamfanonin intanet ba su ɓoye dabararsu ba. Labarin akawun nan shi ne hajarsu: in shi ya iya, kai ma za ka iya. Ba wanda ya ɗauki hoton dubban da suka sa nasu dala 86 ɗin suka tashi hannu rabbana.

Inda kuɗin ke tafiya

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Jamie Gold, zakaran 2006 da ya ci dala miliyan 12, bai gama murna ba wani abokin hulɗarsa ya kai shi kotu cewa ya yi masa alkawarin rabi, alƙali ya riƙe miliyan shida har sai da suka sasanta a 2007. A watan Oktoba na 2006 shugaba George Bush ya sa hannu kan dokar da ta hana bankuna tura kuɗi zuwa shafukan caca, shekarar da ta biyo masu shiga gasar suka faɗo zuwa 6,358. A 2008 hukumar da ke sa ido kan shafin UltimateBet ta bayyana cewa an yi shekaru ana cutar ƴan wasa da wata manhaja mai nuna kartar abokin karawa, ta kuma ambaci Russ Hamilton a matsayin jigon abin. Hamilton ɗin nan shi ne zakaran duniya na 1994, wanda bayan miliyan ɗaya har aka auna nauyinsa aka ba shi azurfa daidai da shi.

Babbar girgizar ta zo ranar Juma'a 15 ga Afrilu 2011, da hukumomin Amurka suka rufe manyan shafuka uku. PokerStars ta mayar wa mutane kuɗinsu. Amma da aka buɗe littattafan Full Tilt Poker sai aka tarar ƴan wasa na bin ta wajen dala miliyan 390, abin da ke asusunta kuwa bai fi miliyan 60 ba. Cikin shugabannin kamfanin akwai Chris Ferguson, zakaran shekarar 2000. Ya sasanta da gwamnati ba tare da ya amsa laifi ba, kuma mutane sun yi shekaru kafin kuɗinsu ya dawo, bayan PokerStars ta saye kamfanin a 2012.

Ko ba maguɗi, adadin da ake shelantawa ba shi ke shiga aljihun zakara ba. Da yawa daga ƴan wasa wani ne ke biya masu kuɗin shiga, kamar yadda mai mota ke ba direba, a raba abin da aka samo. Joe Cada, wanda ya ci a 2009 yana ɗan shekara 21, mafi ƙuruciya a tarihin gasar, rabin dala miliyan takwas da rabinsa na iyayen gidansa ne. Sannan ga haraji, wanda a wasu ƙasashe yake cin kusan rabi ko fiye. Peter Eastgate na Danmak, zakaran 2008, bayan shekara biyu ya ce wasan ya fita ransa, ya yi gwanjon munduwarsa ya ba UNICEF kuɗin.

Ga kuma lissafin da na fi so mai karatu ya riƙe. A 2024 mutum 10,112 suka shiga, adadi mafi yawa da aka taɓa gani zuwa lokacin. Daga kowace dala 10,000 ana cire 700, kashi 7 cikin 100, na masu gida da ma'aikata. Ka ninka, za ka samu sama da dala miliyan bakwai tun ba a raba karta ko ɗaya ba. Sauran kuma kashi 15 cikin 100 na ƴan wasa kaɗai ke samun wani abu, wato mutum 1,517. Sama da 8,500 sun koma gida ba ko kuɗin mota, kuma yawancinsu ba sakarkaru ba ne, mutane ne da suka yi shekaru suna nazarin wasan. Ƙwarewa tana da tasiri, ba musu, shi ya sa ake ganin sunaye iri ɗaya suna dawowa. Amma tun bayan Johnny Chan a 1988 ba wanda ya sake cin babbar gasar sau biyu a jere, kuma Phil Ivey da munduwarsa 11 bai taɓa cin ta ba.

Manyan attajirai kuwa sun buɗe nasu fagen. A 2012 Guy Laliberté, ɗan Kanada, mai kamfanin wasannin Cirque du Soleil a wancan lokacin, ya shirya gasar da kuɗin shigarta dala miliyan ɗaya ne, ana cire wani kaso don gidauniyarsa ta samar da ruwan sha, wadda ta yi ayyuka har a Burkina Faso. Mutum 48 suka zauna, Antonio Esfandiari, haifaffen Tehran, ya ɗauki sama da miliyan 18.

Yanayin ƴan wasan ma ya sauya. Malafa da sigari sun ba da wuri ga samari masu karatun lissafi, waɗanda ke kwana gaban kwamfuta tana nuna masu abin da ya kamata a yi a kowane hali. A 2017 wata manhaja ta jami'ar Carnegie Mellon mai suna Libratus ta doke ƙwararru huɗu cikin kwana ashirin. A 2024, lokacin da Jonathan Tamayo ke wasan ƙarshe, kyamara ta nuna abokansa a gefe da kwamfuta buɗe yana zuwa suna shawara. Ya ci dala miliyan goma, aka yi ta ce-ce-ku-ce, masu gasar suka hana irin wannan daga baya. A 2025 Michael Mizrachi, tsohon hannu daga jihar Florida, ya ci cikin mutum 9,735, kuma a teburin ƙarshen akwai Leo Margets ta ƙasar Sifen da ta zo ta bakwai, mace ta farko da ta kai wannan matsayi tun bayan Barbara Enright a 1995.

Tun 2022 gasar ta bar Rio ta koma wasu manyan otal biyu da ke tsakiyar Las Vegas, aka kuma sauya wa ɗayansu suna zuwa Horseshoe don tunawa da gidan Binion, wanda shi ya rasu tun 1989. A 2024 kamfanin Caesars, magajin Harrah's, ya sayar da sunan gasar ga kamfanin da ya mallaki shafin caca na GGPoker kan dala miliyan 500, rabi a hannu, rabi bayan shekara biyar, da sharaɗin za a ci gaba da yin ta a gidajensa na Las Vegas har shekara ashirin.